Sanda Mai Yafiya

Likita ya ce in riƙa takawa,
wai sukari mazauni yake ci.
Ni da na yi shekara talatin da ɗaya
ina lissafin albashi a masaƙar Kakuri,
tafiyata daga tebur ce zuwa buta.
Sambo Makarfi ya ja ni ƙwallon lambu,
ya ce can ma tafiya ake, amma da dalili.

Ranar farko sandunansa na ara.
Sirara, baki kamar aska,
sheƙi har kana hango furfurarka a jikinsu.
Na ɗaga, na kai sara,
ciyawa ta tashi faifai guda,
ƙwallo na zaune tana kallona.
Ta biyu ta nufi kogi.
Ta uku ban ga inda ta yi ba,
balbelu dai sun watse.

Duk da haka irinsu raina ya so.
Na ɗaure kuɗin sallama a aljihun ciki,
na je rumfar Dogara, gindin mangwaro,
tsohon da ya ɗauki jakar 'yan wasa
har kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka.
Na nuna masu sheƙin.
Bai ko kalle su ba.
Ya zube ƙwallo goma, ya ce, "Buga in gani."

Na buga. Ya gani.

"Baba," in ji shi, "waɗancan na wanda ya fara ne
tun kafin gemu,
mai samun tsakiya sau tara cikin goma.
Kai sau nawa ka samu?"
Na ce, ɗaya.
Ya ce, "Rabi."

Ya sa na tsaya, hannuwa a sake,
ya auna daga wuyan hannuna zuwa ƙasa
da tsohon tef ɗin tela,
ya duba tafina, ya matsa 'yan yatsun
da biro ya lanƙwasa.
Sannan ya shiga ciki ya yi ta ƙarar ƙarafa,
ya fito da wasu 'yan gwanjo,
masu kauri, masu rami a ƙeya kamar ludayi,
gindi da faɗi, fenti ya koɗe,
ƙota mara nauyi mai ɗan lanƙwasa
kamar ɗanyen reshen gwaiba.

"Wannan in ka kuskure mata tsakiya
ba ta riƙe ka a zuci.
Ƙarfin da babu a kafaɗarka, ƙota za ta ranta maka.
Lamba uku da huɗu bar su nan,
nauyi ne kawai ga yaron da zai bi ka.
Ɗauki shida zuwa tara, da ta rairayi,
don rairayi kam za ku saba."

Na ce ba su da kyau.
Ya ce, "Hoto za ka ɗauka?"

Na karɓi lamba bakwai da fushi.
Ban ma sa ƙarfi ba.
Sai wata ƙara, ƙas, mai tsabta,
ta bi ƙota ta shigo min har gwiwar hannu.
Ƙwallo ta tashi, ba nisa can ba,
amma inda na kalla ta je,
ta sauka, ta ɗan gangara, ta tsaya.
Na daɗe riƙe da sanda a sama
kamar wanda aka kira sunansa a baƙon gari.

Mun yi ciniki har la'asar.
Ya rage min dubu biyar, ya ƙara da tsumman gogewa.

Yanzu wata bakwai ke nan.
Sambo na ce musu ludayan Gwaggo,
har yau yana cinye ni, amma da gumi.
Jiya na tashi da ɗari da goma sha biyu,
ƙwallo biyu kawai na bar wa kogi.
Ladidi ta ce me ake ci a wasan nan,
na ce sukari ya sauka.
Ban gaya mata zancen ƙarar nan ba,
wadda nake tashi da asuba ina nema,
wadda ke zuwa sau uku, wani lokaci huɗu,
cikin tafiyar awa huɗu.